Tambaya da Amsa: Wane ne tsohon nan na cikin kalandar Sin?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ƙanena ya dawo sarin kaya daga Guangzhou ya kawo min kalanda, ciki akwai zanen wani tsoho kai a aske tal, gashin girarshi har ƙirji, zaune gindin icce da damisa kwance gabanshi kamar mussa. Shin shi ne Buda ɗin da ake faɗi ko ko wani gunkinsu na daban?
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A'a ba Buda ba ne, almajirinsa ne. A Indiya ana ce wa irinsu arhat, mutanen Sin kuma luohan, wato waɗanda a aƙidar mabiya addinin Buda suka gama yaƙi da son zuciya. Sun yi imani Buda ya bar wa su 16 amanar zama a duniya suna gadin koyarwarsa, daga baya a Sin aka ƙara biyu suka zama 18, kuma mai damisar nan cikin ƙarin yake.

To shi yasa za ka gansu a daji, bakin kogo ko gindin bishiya, tunda ai ba su bar duniyar ba, keɓewa kawai suka yi, damisar kuwa alama ce ta cewa wanda ya mallaki zuciyarsa ko naman daji ma ladab yake masa. Akwai wani zanen luohan da mai zane ɗan Sin Liu Songnian ya zana a 1207, yana gidan tarihi na Taipei a Taiwan yanzu, tsohon ya jingina da reshe, birai a sama suna miƙo ma yaronsa 'ya'yan itace, barewa biyu a ƙasa sun ɗaga kai, gaskiya ni dai biran nan sun fi ɗaukar min hankali.

Munin fuskar ma da gangan ne. Guanxiu, wani mai zane ɗan Sin wanda ya rasu a 912, shi ya shahara da zana su da ƙaton hanci da kai duk ƙulu-ƙulu, wai haka ya gansu a mafarki, masu zane suka bi sahunsa. Wasu kuma har 500 suke zanawa, kamar zanen da aka fara kusa da birnin Ningbo na Sin a 1178, ƙyallen siliki 100 kowanne mutum biyar, yawancinsu suna wurin ibadar Daitokuji a Kyoto ta Japan.

Asali dai ratayewa suke a ɗakin ibada suna kunna turare gabansu, naka kuwa bugun inji ne na 'yan kasuwa, batun ajiye shi a ɗaki sai ka tuntuɓi malaminka.