Haƙori ya hana ɗana barci, me zan saya masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗana mai shekara 7 yau kwana uku ba ya runtsawa saboda turminsa na can baya da ya yi rami. Uwar mijina ta ce in danna masa asfirin a ramin, maƙwabciyata kuma ta ce in kai shi wajen masu cire tsutsa. Me zan saya? Daga wata uwa a Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya.

Ki lallaɓa Mama, amma kada asfirin ya shiga bakin yaron nan. Dasashi yake ƙonawa har wurin ya yi fari fat, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba, don yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Farasitamol na yara za ki saya, na ruwa. Ki auna da ɗan kofin da ke cikin kwalin daidai da shekarunsa, kada ya wuce sau huɗu a awa 24. Tun a gaban mai kemis ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ban manta da 2008 ba, lokacin da gurɓataccen maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan.

Ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri yana tofarwa. Alewa da lemon kwalba a ajiye su tukuna.

Tsutsa kuwa babu ita, riƙe kuɗinki. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai huda haƙori.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da kika ce "na can baya". Wajen shekara 6 yaro ke fitar da turame huɗu a bayan haƙoran yarinta, ba tare da ko ɗaya ya faɗi ba. Iyaye da yawa sukan zuba ido, wai famfara za ta tafi da su, alhali na dindindin ne, in sun tafi ba su da madadi. Farasitamol zafi kawai yake kwantarwa, ramin na nan yana ci. Ki kai shi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya cikin makon nan, wataƙila a cike masa ba sai an cire ba. In kuwa kumatunsa ya kumbura ko zazzaɓi ya rufe shi, ko da dare ne ku tafi.