Ciwon diddige a mako na uku, in haƙura da gudun?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara shirin gudun nan na mako 9 da ake ƙarewa da kilomita 5, sai diddige ya kama ciwo, numfashi kuma yana yanke maka. Kada ka haƙura tukuna. Ni ma a ƙauyenmu kusa da Ringim na yi shi, sai da ya ɗauke ni wata huɗu, don mako na uku kaɗai sau uku na maimaita.

In ciwon ya fi tsanani a takun farko da ka tashi sallar asuba, galibi jijiyar tafin ƙafa ce, wadda ta taso daga diddige zuwa yatsu, ta sha wuya. Ka huta kwana biyu ko uku. Ka riƙa murza gorar ruwan sanyi da tafin ƙafarka, ka dafa bango ka miƙar da sharaɓa. Don Allah ka ajiye silifas, ka nemi kambas mai taushi, ko na gwanjo ne. Ka bar kwalta ka bi hanyar gona, amma ban da yashi mai zurfi.

Numfashi kuwa, sauri ne ya yi yawa. Ka rage har ka iya amsa gaisuwa kana gudu.

In ƙafar ta kumbura ko ta ƙi takuwa, tafi asibiti.