Amsa kan iPod ɗin marigayi mahaifinka: kada ka yi masa fomatin

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce ka tsinci iPod ɗinsa, 'yar na'urar sauraren sauti ta kamfanin Apple, a ƙasan akwati, fari mai zoben dannawa, an rubuta 30GB a bayansa, ya fi shekara goma ba wanda ya taɓa shi. Da ka jona caja sai ya kawo alamar tuffa, ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, ya nuna hoton folda da alamar motsin rai, ya ɗauke. Kwamfuta kuma tana ta ce maka a yi masa fomatin. A ciki akwai karatu da tafsirin da Baba ya sa aka kwafo masa daga kaset, kasusuwan kuma yanzu babu su.

To don girman Allah kada ka danna fomatin ɗin nan. Idan iTunes, manhajar Apple da ake loda wa iPod abubuwa da ita a kwamfuta, ta ce za ta mayar da shi sabo, wato Restore, kada ka yarda. Duk biyun shafe komai suke yi. Na fara gyaran waya da irin waɗannan na'urori a Kano tun wajen 2006, kuma a shekarata ta farko na taɓa danna Restore a iPod ɗin wani dattijo saboda gaggawa. Na'ura ta tashi garau, amma babu ko aya ɗaya a ciki. Bai yi min faɗa ba, ya biya ya tafi, kuma har yau ban manta yadda ya tsaya yana juya zoben yana neman abin da babu ba. Daga ranar na sa wa kaina doka: a fara kwashe abin da ke ciki, gyara ya biyo baya.

Idan fuskar naka mai faɗi ce mai launi, wadda ke nuna bidiyo, to wanda Apple ya fitar a 2005 ko 2006 ne. Irin wannan ba memori ke cikinsa ba kamar waya. Ƙaramin had dis ne mai inci 1.8, faifai mai juyawa da ɗan hannu mai karanta shi, kamar na tsofaffin kwamfutoci. Ƙarar da kake ji ta wannan hannun ce. Mutane da sun ji ta sai su ce faifai ya mutu, amma a yawancin waɗanda suka zo hannuna bayan dogon ajiya, batir ne mai laifi. Faifan yana jan wuta da ƙarfi a daidai lokacin da zai fara juyawa, batirin da ya shekara goma a kwance ba zai iya ba shi ba, sai ya fara ya tsaya, ya fara ya tsaya, na'ura ta yi ta sake kunna kanta. Kowane irin wannan tashi da faɗuwa kuma yana ƙara gajiyar da faifan, shi ya sa nake roƙonka ka daina gwada kunna shi kowane lokaci.

Fara da duba jikinsa. Ɗora shi a kan tebur ka dube shi ta gefe. In ka ga fuska ta ɗan ɗago daga murfin ƙarfen, ko wani baƙin tabo a sikirin, batir ya kumbura. Cire shi daga caja nan take, kada ka matsa shi, ka kai a cire batirin. In kuwa a shafe yake, jona shi a cajar bango, ba kwamfuta ba, ka ƙyale shi kamar awa ɗaya. Wasu cajojin zamani ba ya karɓarsu, don haka in bai nuna alamar caji ba ka canja kai. Kebul mai faɗin bakin nan, mai fil 30, shi ma yana tsufa, kuma ramin da yake shiga yana cika da ƙura da zaren aljihu. Tsinken sakace da haƙuri sun isa. Kada ka sa allura ko wani ƙarfe.

Bayan ya sha caji, tura maɓallin Hold na sama ka dawo da shi, sannan ka danne Menu da maɓallin tsakiya tare, daƙiƙa 6 zuwa 10, har tuffar ta fito. Wannan ba ya goge komai. Da zarar ta fito, saki ka danne na tsakiya da Play tare. In an dace zai shiga yanayin da yake zama kamar filashi kawai, ba tare da ya nemi buɗe manhajarsa ba. Nan ne muke so.

Kafin ka jona da kwamfuta, rufe iTunes, ko ma ka nemi kwamfutar da babu ita kwata-kwata. In dole akwai ta, riƙe Shift da Ctrl lokacin da kake jonawa, don kada ta fara daidaita shi da nata kundin. Sai ka sa Windows ta nuna ɓoyayyun fayil, ka shiga iPod_Control, ka shiga Music. Za ka ga folda-folda masu suna F00, F01, F02, a cikinsu fayil masu sunan haruffa huɗu marasa ma'ana. Kada gabanka ya faɗi, haka iPod ke ajiye su. Karatun Baba ne a ciki. Waɗanda aka rubuta wa suna tun asali, sunan yana nan a jikin fayil ɗin kuma zai bayyana in ka buɗe. Na kaset kuwa wataƙila sai ka zauna ka saurara ɗaya bayan ɗaya. Kwashe su folda ɗaya-ɗaya, na'urar na kwance a kan tebur ba a motsa ta. In wani fayil ya maƙale ka ji ƙarar ta dawo, tsallake shi ka ci gaba, ka koma masa a ƙarshe. Gara ka tsira da casa'in cikin ɗari da ka nace a kan ɗaya faifai ya ƙarasa.

Maganar fomatin da Windows ke nema tana iya zama ba lalacewa ba ce. Idan da kwamfutar Mac aka fara loda masa abubuwa, tsarin faifansa HFS+ ne, Windows kuma ba ta karanta shi, sai ta ɗauka babu komai. Da yawa daga cikin waɗanda aka aiko wa iyayenmu daga Ingila ko Amurka haka suke. Gwada shi a Mac, ko ka sa manhajar HFSExplorer, kyauta ce.

In duk wannan bai yi ba, sai a buɗe. Batirin wannan samfurin ana samu, kuma ba a haɗa shi da dalma ba, ɗan siririn kebul ne ake zarewa. Amma murfin baya yana haɗe da injin ta siraran kebul guda biyu, na batir da na ramin iyafis, wanda bai sani ba yana ɓalle murfin da ƙarfi ya tsinka su. Akwai kuma kebul na uku da ya haɗa faifan da injin, yana sassautawa in na'ura ta taɓa faɗuwa. Na sha zare shi in mayar, hoton foldar ya ɓace. In za ka kai wa mai gyara, ka tsaya a kansa, ka faɗa masa da bakinka cewa abin da ke ciki kake so. Yaran yanzu da filashin suka saba, wato goge na'ura a sake zuba mata manhaja, shi ne abin da hannunsu ke fara kaiwa.

Na ga wata 'yar'uwa ta ce nata ɗan MP3 ne na China mai batir AAA, yana nuna babu fayil. Hajiya, naki ya fi sauƙi. Irin waɗannan tsarin ajiya na FAT ko FAT32, wanda Windows ke karantawa, kawai suke ganewa, kuma sun sha ɗaukar bairos a wajen masu tura waƙa, wanda ke ɓoye folda ya bar wa mutum gajeriyar hanya ta bogi. Fayil ɗin suna nan, a nuna ɓoyayyu a kwashe. Wasunsu kuma ƙarya aka rubuta a jikinsu, a ce 4GB alhali abin da ke ciki bai kai kusa ba, shi ya sa duk abin da aka ƙara bayan ya cika sai ya lalace. Manhajar H2testw tana tona wannan, amma sai bayan kin kwashe naki.

Ɗan'uwa, in Allah ya sa ka kwashe, ajiye su wuri biyu aƙalla, ka tura wa 'yan'uwanka su ma. Daga nan ne za mu yi maganar raya na'urar: ana cire faifan a sa adafta irin iFlash mai ɗaukar katin memori, ba ƙara, ba nauyi, batir ma ya fi daɗewa. A lokacin ka danna Restore hankali kwance. Yanzu dai ɗauko min hotonsa ta gefe da ta baya in ga ko ya kumbura, kuma ka faɗa min sau nawa yake yin ƙarar kafin ya ɗauke.