Moto yana mutuwa yana tashi: a gano ciwon kafin a sayi kaya

Tun da zafi ya shigo, yawancin wasiƙun da ke zuwa mini kuka ɗaya suke yi: moto yana lafiya, sai ya ɗauke wuta, in an kai shi gareji kuma ya tashi garau.

Wani ɗan kabu-kabu daga unguwar Zariya ya ce: "Haojue 125 gare ni. In na yi tafiya mai ɗan nisa sai ya mutu, in na jira minti 10 ya tashi. Na canza buji sau biyu, na canza batir da CDI (ɗan akwatin da ke sarrafa tartsatsin buji), jaka 20 ta tafi. Yanzu an ce in sayi bobin (abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa buji). In saya?"

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Jaka 20 gumin kwanaki ne a rana, kuma duk an kashe ta a kan tsammani. Irin wannan ciwo ba a kama shi sai a lokacin da ya tashi. Naka ya riga ya ba da alama: yana zuwa da zafi, yana tafiya da sanyi. Ko bobin ne, ko kuwa naɗin wayar da ke cikin inji, in ya fara lalacewa, zafi na buɗe tsagar da ke cikinsa, in ya huce ta koma ta haɗe. Ka riƙa yawo da buji mai kyau a aljihu. Da zarar ya mutu, kafin ya huce, ka zare hular buji, ka sa wancan a ciki, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da inda mai ke ɗiga, ka buga kik. In ba tartsatsi, ciwon na wuta ne. In kuwa ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi, bar zancen bobin, je ka duba mai: ƙaramar kafar iska ta murfin tanki kan toshe da ƙura, mai ya daina sauka. In ta tabbata wuta ce, ka roƙi makanikinka ya ara maka bobin na gwaji ka yi wuni da shi. Wanda ya san aikinsa ba zai ƙi ba.

Wata malamar makaranta da ke zuwa aiki Tibiri ta ce: "Fitilata tana ɗaukewa tana dawowa, musamman in na faɗa rami. Wani lokaci in na danna sitata sai dai in ji ƙas. Ina tsoron dare ya same ni a hanya."

Malama, tsoronki yana kan hanya, amma ki kwantar da hankali, irin wannan sau da yawa gyaransa ba ya cin kuɗi. Abin da rami ke tayarwa, wani abu ne ya saki. A fara da kan batir. In an buɗe aka ga wani gari fari-fari mai ratsin kore ya taru a kan noti, shi ne ke tare wuta. A kwance, a goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. Sai a bi wayar mas, wato ta kan batir mai alamar (−), zuwa inda aka ɗaure ta a ƙarfen jikin moto, a yi mata haka. Daga nan a kunna fitila, a riƙa juya kan moto dama da hagu, ana girgiza damin wayoyin da ke wuyansa da hannu. Nan ne waya ke karyewa a cikin robarta, waje kuwa lafiya lau. Inda aka taɓa fitila ta ƙifta, nan ciwon yake.

Kada ki yarda a ce batir ne sai an sa mitar awon wuta kin gani da idonki. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 in moto na kashe. In an tada moton aka ba shi wuta, awon ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, caji ne babu. In ya wuce 15, abin da ke daidaita caji ya lalace, kuma sabon batir ma dafa shi zai yi. Kafin a gyara, ki yi ƙoƙarin dawowa da sauran rana.

Wani matashi daga Ali Ɗan Sofo ya ce: "Fiyus ɗina yana yawan ƙonewa. Abokina ya ce in naɗa waya a wurinsa in huta."

Wannan ma tambaya ce? Fiyus ba ya ƙonewa a banza. Wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, shi kuma ya ƙone domin sauran wayoyin su tsira. Ka cire shi ka sa waya, wutar za ta nemi wurin ci, tankin mai kuwa yana nan sama da wayoyin. Na taɓa ganin moton da aka turo mini bayan an yi masa wannan dabara: damin waya tun daga ƙarƙashin kujera har wuya ya narke ya zama dunƙule ɗaya, warin roba ya cika rumfa, mai shi kuma bashi ya ci ya saye shi. Ka sa fiyus mai lambar da ka tarar, in 10 ce 10, in 15 ce 15, ka nemo wayar da ta goge.

Tun da an zo nan, bari in faɗi abin da ke ci mini rai. Rabin waɗannan ciwace-ciwace mu muke sayo su da kuɗinmu. Kasuwa ta cika da wayar da ake ce wa jan ƙarfe, alhali alminiyam ce aka shafa mata ja. Tana da arha, tana da sheƙi, amma ba ta jure girgiza, kuma hanyoyinmu kun san su. Wata ɗaya, wata biyu, ta fara karyewa sili-sili a ciki. Kafin ka biya, feɗe bakinta ka kankare da wuƙa: in fari ya fito, ajiye masa abinsa. Ko ka kanga mata wutar laita: ta gaske ja take yi ta tsaya, ta jabu lanƙwashewa take yi nan take. Haka buji. Sunan NGK a kwali ba shaida ba ce, ana buga shi a kan jabu. Dubi rubutun jikinsa da zaren notinsa, in aikin ba tsabta, bar shi. Sannan ga masu ƙara wa moto fitilu kala-kala da rediyo da wurin cajin waya, a feɗe waya a murɗa da hannu a naɗe da salatif. Zafin watan Afrilu na narkar da ƙaron salatif, damina ta zo ruwa ya shiga. Duk haɗin da za a yi, a like shi da dalma. In mai gyara ya ce ba shi da lokacin wannan, ɗauki motonka ka yi gaba. Kuma duk abin da aka cire maka, ka karɓi tsohon ka tafi da shi.

Wani dattijo daga Madarunfa ya ce motonsa ba ya gardama sai ranar da aka wanke shi.

Baba, ruwa ne ke shiga hular buji ko gidan makulli. A gaya wa yaran da ke wanke shi su daina harba masa tiyo mai ƙarfi, bokiti da tsumma sun isa. In hular ta tsage a sake ta, ba ta da tsada.