Ga mai tambaya kan farautar barewa da bindigar ɗuri

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce kana da bindigarka ta zamani amma ranka na son gwada farautar barewa da wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, shin abin ya kai a sha wahalarsa? Ni dai na daɗe ina fita da ita a nan Amurka kuma amsata eh ce, amma sai in kana da haƙuri, don wannan bindigar harbi ɗaya take baka. Kafin ka sake auna albarushi ka zuba ka danna harsashi ka saka hula, wato ɗan murfin da ke tayar da wutar, barewar ta daɗe da shigewa daji.

Wannan harbi ɗayan shi ke canja komai. Da ta zamani mutum na iya hango dabba a mita 250 ya saita madubi ya harba. Da irin ta da mai dunƙulen dalma kuwa ni ba na wuce mita 70, don dunƙulen na saurin rasa ƙarfi a iska, in ka matsa nesa sai dai ka ji wa dabba ciwo ta tafi ta mutu a wahale inda ba za ka ganta ba, wannan kuwa wallahi ba farauta bace zalunci ne. Toh dole ka koyi matsowa kusa, ka san ta ina iska ke kaɗawa don hancin barewa ya fi idonta aiki, ka san hanyar da suke bi daga makwanci zuwa wurin kiwo, ka iya zama shiru sanyi na dukanka har ta juyo maka gefe ka samu bayan kafaɗa. Abin da ya riƙe ni kenan, na koyi daji da ita fiye da yadda na koya da ta zamani.

Sannan ba iri ɗaya bace. Akwai mai ƙyastu wadda dutse ke ƙyasta wuta, akwai mai 'yar hular tagulla da kunama ke saki a buga, sai ta yanzu wadda wutar ke shiga ta baya kai tsaye, wadda maƙerin bindiga Tony Knight ya yaɗa a 1985 da samfurin MK-85. Ita wannan ta ƙarshe da madubi da harsashi mai tsini a cikin 'yar roba tana kai mita 150 lafiya. In sabon shiga ne kai fara da ita ko mai hula, kaliba 50, wato mai faɗin ramin bututu rabin inci, ka bar mai ƙyastu sai hannunka ya faɗa. Ka duba murɗin cikin bututun kuma, wato layukan ciki da ke juya harsashi, wanda ke zagaye ɗaya a inci 66 na dunƙule ne, mai inci 28 na harsashi mai tsini ne, mai 48 yana tsakiya.

Amma kafin ka saya karanta dokar jihar da za ka yi farautar. Jihohi da yawa sun ware wa bindigar ɗuri lokacinta daban, daji ba cunkoso, wannan ma riba ce babba. Sai dai kowace da sharaɗinta, Pensilbaniya tun 1974 tana da lokacin masu ƙyastu zalla, Kolorado kuma ba ta yarda da madubi ko harsashi mai roba a lokacin nata ba.

Yanzu maganar da tafi damuna, don Allah ka riƙe ta da kyau. Kada ka taɓa zuba garin harsashin zamani marar hayaƙi a cikinta, ko kaɗan, ƙarfinsa ya fi na bututun, fashewa zai yi a hannunka. Baƙin albarushi ko madadinsa irin su Pyrodex da Triple Seven kaɗai. Ana auna shi da ma'auni na musamman, awonsa kuma ana ce masa giren, a kaliba 50 yawanci giren 80 zuwa 100 ya ishi barewa, kuma kar ka haura abin da kamfanin ya rubuta a littafin bindigar. Kar ka tsiyaya daga gora kai tsaye cikin bututu, in akwai ragowar garwashi a ciki gorar gaba ɗaya za ta kama, fara zubawa a ma'auni tukun. Harsashi ya zauna daram a kan albarushi ba rata a tsakani. Ka yi wa sandar ɗurinka alama a daidai bakin bututu bayan ka ɗura, duk ranar da ka yi shakka ka zura sandar ta gaya maka ko akwai ɗuri a ciki, don ɗuri biyu kan juna ya raunata mutane da yawa. In ka ja kunama bata tashi ba, ci gaba da nuna bakin inda ba kowa aƙalla minti ɗaya, wani lokacin wutar na ci a hankali sai ta tashi daga baya.

Danshi shi ne babban abokin gabarta. Ranar ruwa ina manna salatif a bakin bututu, harbi na fasa shi ba matsala. In an yini a sanyi kuma ba na shigar da ita ɗaki mai ɗumi da ɗurinta, raɓa na taruwa a ciki ta jiƙa albarushin, sai dai in cire hular in ajiye ta wuri mai sanyi a kulle. Wanki kuma ba a kwana da shi, tokar albarushi na jan ruwa ta ci ƙarfe, ranar da ka harba ranar za ka wanke da ruwan zafi da sabulu ka busar sosai ka shafa mai.

Wani abu da zai baka mamaki a harbin farko shi ne hayaƙi. Fari fat zai rufe maka gaba, ba za ka ga inda barewar ta nufa ba. Sai ka saurara da kunne, ka riƙe a ranka daidai inda take tsaye, ka sake ɗuri nan take, ka ba ta kamar minti 30 kafin ka bi sawun jini, in ka matsa mata da wuri tashi za ta yi ta ƙara nisa.

Kafin lokacin farauta ya zo ka je filin gwaji ka yi ta harbi a mita 50, kana canja awon albarushi giren biyar biyar har ka samu wanda harsasanka ke taruwa wuri ɗaya, kana goge bututu tsakanin harbi da harbi. Ka rubuta awon ka tsaya a kansa. In ka sayo, faɗa mana samfurin da murɗinta sai in gaya maka harsashin da zai fi dacewa da ita.