Na haɗa ontoloji biyu a Protégé, komai ya koma ja

Tambaya: Salam Malam. Ina ajin ƙarshe a kwamfuta, furojet ɗina kan ontolojin noma ne, wato tsarin rukunan abubuwa da alaƙoƙinsu yadda kwamfuta za ta gane. Na rubuta nawa na amfanin gona, sai na ɗauko wani na kayan abinci na haɗa su a Protégé, manhajar rubuta ontoloji, ina kunna HermiT, injin da ke duba ko ƙa'idojin sun yi karo, rukunai kusan ashirin suka koma ja ƙarƙashin owl:Nothing, rukunin da babu komai a cikinsa, alhali kowanne shi kaɗai lafiya lau yake. Wata ƙawata ta ce in goge duk inda aka sa disjoint, wato inda aka ce rukunai biyu ba sa haɗuwa, shikenan. In goge?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kar ki goge, dan Allah. Jan zai ɓace kam, amma kuskuren yana nan daram, kin dai cire wa mota fitilar gargaɗi ne ki ci gaba da tuƙi.

Jan nan yana nufin bisa ƙa'idojin da kika rubuta, babu wani abu a duniya da zai iya zama ɗan wannan rukunin. Tunda kin ce kowanne shi kaɗai ba matsala, to laifin yana cikin haɗin da kika yi tsakaninsu. Kusan kullum ga yadda abin ke faruwa: a naki Masara tana ƙarƙashin Shuka, a ɗayan kuma Masara hatsi ce a buhu ƙarƙashin Abinci, kika ga suna ɗaya kika ce daidai suke, can sama kuma an riga an ce Shuka da Abinci ba sa haɗuwa, toh kinga an tilasta wa masara ta zama abu biyun da aka hana, sai ta mutu, ta ja duk 'ya'yanta da duk rukunin da aka ce dole yana da alaƙa da ita. Shi ya sa kika ga ashirin, wataƙila tushen ɗaya ne ko biyu.

Ki danna rukunin ja wanda ya fi kusa da sama, a wurin bayaninsa, gefen owl:Nothing, akwai alamar tambaya, ki danna ta. Protégé zai jero miki ƙa'idojin da suka taru suka haifar da rikicin. Ki duba na rukunai uku ko huɗu, layin da kika ga yana ta maimaituwa a cikinsu shi ne abin zargi. Ki gyara shi kaɗai, ki sake kunna HermiT, sannan ki duba saura. Kar ki gyara biyar lokaci guda, ba za ki san wanda ya yi aiki ba. Gyaran ma ba lallai gogewa ba ne, sau da yawa sassautawa ake yi, maimakon "daidai suke" ki sa alaƙa irin "ana samun wannan daga wancan".

Amma ni wanda ya fi ban tsoro shi ne kuskuren da ba ya yin ja. A SNOMED CT, babban ontolojin likitanci mai ƙa'idoji sama da 350,000, an taɓa samun cewa yanke yatsa ya faɗa ƙarƙashin yanke hannu, kuma ba wani karo a lissafi balle inji ya yi ƙara, masu bincike na jami'ar Dresden a Jamus, su Franz Baader, suka nuna ƙa'idoji 6 kacal ne suka jawo shi. Don haka bayan jan ya tafi ki buɗe jerin da injin ya fitar da kansa, ki zauna da wanda ya san noma ya karanta, shi zai ce miki wannan ba haka ba ne. Kuma shi zai lura da alaƙar da ta kamata a ce tana nan amma babu ita, wadda HermiT ba zai taɓa faɗa miki ba.

In haɗin yana da yawa ki gwada LogMap, daga Oxford ya fito a 2011, yana haɗawa yana kuma zubar da haɗin da ke kawo karo, sai dai wani lokaci har mai kyau yake zubarwa, ki bi sahunsa. Akwai kuma OOPS! na wata jami'a a Madrid, a intanet yake kyauta, yana kama kurakuran tsara ontoloji na yau da kullum.

Tambaya: Malam ni kuma da na kunna HermiT laftof ɗina ke sandarewa, ram 4GB ce.

Amsa: Ɗan'uwa fayil ɗin ne ya yi wa HermiT girma a wannan ram ɗin. Ka gwada ELK, wani inji ne irin HermiT, yana da sauri sosai, amma ka sani ɓangaren OWL 2 EL, wato wani sashe na yaren rubuta ontoloji, kawai yake fahimta, abin da ya fita daga nan tsallake shi yake yi, don haka shirunsa ba shaidar lafiya ba ce. Ko ka yanko sashen da kake buƙata kawai zuwa sabon fayil ka kunna HermiT a kansa, ka rufe Chrome kafin nan.