Laftof ɗina za ta karɓi sabon katin girafik?

Tambaya daga wani mai karatu a Agege, Legas:

"Assalamu alaikum. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walima, in tace in haɗa. Ina aiki da HP EliteBook 840 G5 tokumbo, Core i5, RAM 8GB. Da na jefa bidiyon 4K cikin Premiere Pro sai ta fara sarƙewa, fanka na ta ihu. Wani mai gyara ya ce in kawo kuɗi ya sa mini katin Nvidia mai 4GB. Akwai abokina mai Dell Precision da ya taɓa canza nasa, amma sai da ya sha wuya kafin hoto ya fito. Shin tawa za ta karɓa? In za ta karɓa, wane kati zan saya wanda ba zai ba ni matsala ba?"

Amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. EliteBook 840 G5 ba ta da gurbin da ake soka katin girafik. Abin da ke zana hoto a cikinta, Intel UHD 620, yana cikin farosesar ne, ita kuma farosesar an manne ta da dalma a jikin bod tun daga kamfani. Akwai 'yan kaɗan daga cikin wannan samfuri da suka zo da AMD Radeon RX 540 mai 2GB, shi ma a manne yake. Ba taka kaɗai ba ce, haka mafi yawan laftof ɗin da ke kasuwa suke, har da manya-manyan na wasanni.

Wannan 4GB da aka yi maka alkawari kuwa, ina so ka gani da idonka kafin ka koma wurin mai gyaran. Buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka danna GPU. Can ƙasa za ka ga an rubuta Shared GPU memory, gefensa kuma adadin da ya kusa 4GB. Windows ce ke ware wa girafik kusan rabin RAM ɗinka a matsayin aro, tunda ba shi da ma'ajiyar kansa. Mai RAM 8GB zai ga wajen 4GB, mai 16GB zai ga wajen 8GB. Ban ce abin da mutumin zai nuna maka ke nan ya ce ya gama aiki ba, amma da wannan adadin ake yawan ruɗa masu saye, a ce musu "girafik ɗinta 4GB ne". Ka tambaye shi sunan katin da lambarsa, da inda zai soka shi. Amsarsa za ta gaya maka da wa kake magana.

Ba wai babu gwanaye ba ne. A Computer Village ta Ikeja akwai masu hannun da za su ɗaga guntun girafik da ya mutu da injin zafi, su jera masa sabbin ƙwayoyin dalma, su mayar, ko su sa wani irinsa sak. Wannan gyara ne, mayar da abu yadda yake. Ɗora guntu mafi ƙarfi a kan bod ɗin da ba a zana dominsa ba wani zance ne daban, domin ƙafafunsa, da layukan wutar da ke ciyar da shi, da ma'ajiyarsa, duk sai sun dace.

To abokinka fa? Shi nasa daga wani gida ya fito. A 2004 Nvidia ta fito da wani tsari mai suna MXM, inda girafik ɗin laftof ke zuwa a ɗan katinsa, a soka shi a gurbi a ɗaure da sukurori. Manyan kwamfutocin injiniyoyi ne suka fi amfani da shi: Dell Precision M4800 da M6800, da 7510 da 7710, da HP ZBook 15 da 17 na farko-farko, sai wasu Alienware da Clevo da MSI masu kauri. Waɗannan ana iya zare musu kati. Sai dai shigar kati cikin gurbi ba ya nufin aiki ya yi, kuma a nan abokinka ya sha wuyar da ka ambata.

Girma ne abu na farko. MXM 3.0 iri biyu ne: A, mai milimita 82 da 70, da B mai 82 da 105. Bakinsu ɗaya, amma B ba zai zauna a kwamfuta mai inci 15 da aka yi wa ɗakin A ba. Ko girman ya dace, akwai bututun jan ƙarfen da ke kwashe zafi. An ƙera shi ne daidai inda guntu da ma'ajiyar tsohon katin suke. A sabon kati wataƙila sun ɗan gusa, ko tsayinsu ya bambanta, sai a bar rata da ido ba ya gani. Kwamfuta za ta tashi lafiya lau, kana fara fitar da bidiyo zafi ya haura, ta rage gudu ko ta ɗauke gaba ɗaya. A zafin Legas, a shagon da fanka ɗaya ce ke juyawa, 'yar wannan rata ba ƙaramin abu ba ce.

Sannan wuta. Katunan A ba su cika wuce wat 55 ba, na B kan kai 100 ko fiye. M4800 na zuwa da caja mai wat 180, M6800 da mai 240. Taka EliteBook kuwa da caja mai 45 ko 65 take rayuwa, ka ga ko da gurbin ya samu, injin tirela ne za a ɗora wa Keke Marwa. Wani abin da mutane ba su lura da shi: Dell da HP suna gane caja ta 'yar allurar da ke tsakiyar bakinta. In cajar jabu ce ko ƙarfinta bai kai ba, kwamfutar za ta rage wa kanta gudu da gangan. Mutum ya kashe kuɗi ya sa sabon kati, ya ga ta fi da nauyi, ya yi ta zargin katin alhali laifin caja ne.

Wanda ya fi ɗaure kai shi ne baƙin sikirin. Kusan kowane kati na da 'yar manhajarsa a ciki, vBIOS, wadda dole ta fahimci juna da BIOS na kwamfutar, wato manhajar da ke tayar da ita idan an kunna. Katin da aka zare daga HP ba lallai ya yi magana da Dell ba, ko da lambarsu ɗaya, sai an sake rubuta masa vBIOS, kuma kuskure a nan na iya kashe katin. Wasu kamfanoni ma sun rufe ƙofa, BIOS ɗinsu ba ya karɓar kati sai wanda ke cikin jerin da suka amince da shi. Ga kuma hanyar da hoto ke bi zuwa sikirin. Tsofaffin laftof da yawa suna amfani da tsarin aika hoto mai suna LVDS, sababbin katuna kuma sun koma wani mai suna eDP. In aka haɗa su, fanka za ta juya, fitilu su kama, sikirin ya tsaya baƙi ƙirin, amma kana jona talabijin ta HDMI sai ka ga hoto. Wani lokaci ana tsira idan hoton na bi ta girafik ɗin Intel kafin ya isa sikirin, tsarin da Nvidia ke kira Optimus, sai a bar shi a kunne.

Ko ka tsallake duk wannan, tsugune ba ta ƙare ba. Direban Nvidia, wato manhajar da Windows ke tafiyar da katin da ita, na duba lambar katin haɗe da lambar kwamfutar. Idan bai taɓa sanin wannan haɗin ba, misali Quadro M2000M a cikin injin da ya zo da K2100M, sai ya ce bai ga na'urar da ta dace ba. Masu wannan harka sukan gyara fayil ɗin INF, mai ɗauke da jerin na'urorin da direban ya sani, da hannu, su kashe tantance sa hannun direba a Windows kafin ya shiga. Duk ranar da aka sabunta direba kuma, a sake sabon lale. In ka ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a Device Manager da Code 43, yawanci nan gizo ke saƙa.

Ni a ganina, ko mai irin waɗannan injinan ya yi lissafi kafin ya taɓa. M4800 ta 2013 ce, farosesarta Intel zubi na 4, Windows 11 kuwa daga zubi na 8 take karɓa a hukumance, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Kamfanonin ma sun bar MXM. Dell ta koma nata tsarin daga Precision 7530, kuma Alienware Area-51m da ta fitar a 2019 da kirarin ana iya haɓaka ta, da sabon zubi ya fito a 2020 katunansa ba a yi su don na farkon ba, har magana ta kai kotu a Amurka.

Hanya ɗaya da taka za ta iya amfana da babban kati ita ce ta waje. 840 G5 na da Thunderbolt 3, wato ramin USB-C mai alamar walƙiya a gefensa. A lura, ba kowane USB-C ne Thunderbolt ba. 840 G3 na da ramin amma ba ta da shi. Ana sayen akwati mai wutarsa, irin su Razer Core X, a sa katin kwamfutar tebur a ciki, a jona da waya ɗaya. Yana aiki, amma layuka 4 na PCIe, hanyar da kati ke magana da farosesa, kawai wayar ke ɗauka, maimakon 16 da katin ya saba da su, don haka ba zai ba da duk ƙarfinsa ba. Asarar na ƙaruwa idan hoton zai dawo ta wannan wayar zuwa sikirin ɗin laftof, shi ya sa ake so a jona wani sikirin a jikin katin kai tsaye. Sai ka shiga BIOS ka duba matakin tsaron Thunderbolt, domin injinan ofis irin naka sukan ƙi baƙuwar na'ura har sai an ba ta izini. Wani lokaci kuma Code 12 ke fitowa, wato Windows ta rasa wurin da za ta ware wa katin.

Abin da ya fi damuna da akwatin a garin nan shi ne ba shi da batir. Laftof ɗinka, NEPA ta ɗauke ba ta ɗauke ba, aikinka na nan. Da akwati kuwa, kana tsakiyar fitar da bidiyon ɗaurin aure na awa biyu wuta ta tafi, katin ya mutu nan take, Premiere ta rufe, ka dawo farko. Dole sai da inbata ko UPS mai ƙarfi, kuma ƙaramin janareta mai wasa da wuta ba abokin irin wannan kati ba ne. In ka haɗa kuɗin akwati da kati da sikirin da UPS, ka kusa kuɗin wata kwamfutar, ga farosesarka mai wat 15 na nan tana jan ƙafa. Su kuma 'yan arahan da ake sokawa a gurbin Wi-Fi ko na SSD, a bar murfin kwamfuta a buɗe waya na reto, ban ba mai cin abinci da injinsa shawarar su ba.

Ciwon injinka ma ba girafik ba ne a farko. Adobe da kanta 16GB take ba da shawara ga aikin HD, 32GB ga 4K, kai kuwa 8GB gare ka. Injinka na da gurbin RAM biyu na DDR4. In sanda ɗaya ce a ciki, ƙara ta biyu mai girma da gudu iri ɗaya. Bayan faɗin wuri, UHD 620 kansa zai ƙara kuzari, tunda daga RAM yake sha kuma hanya ta zama biyu. Sannan ka koyi aiki da firoksi a Premiere: ta yi maka ƙananan kwafin bidiyon ka yi yanka da su, lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Ka sa a buɗe injin a kakkaɓe ƙurar fanka, a canza man da ke tsakanin farosesa da bututun sanyaya, domin tokumbo da yawa tun na kamfani ne a jikinsu, ya bushe ƙamas.

Idan aiki ya ƙaru har wannan bai wadatar ba, sayar da ita ka cika. Mai shago a zaune, kwamfutar tebur ta fi masa, nan ne ake canza kati yadda aka ga dama. In kuma dole sai laftof saboda yawon wuraren biki, sayi wadda ta zo da katin da kake so tun farko, kuma kada suna ya ruɗe ka: RTX 3060 na laftof akwai mai wat 60, akwai mai 115, suna ɗaya aiki daban. Ka je Ikeja da manhajar GPU-Z mai nuna bayanan katin girafik, da wani ɗanyen bidiyonka na 4K a filashi. A jona ta da cajarta ta asali, ka duba sunan katin da ma'ajiyarsa ta kansa, ka sa ta fitar da bidiyon a gabanka kana kallon zafinta, sannan a yi maganar kuɗi da kwanakin garanti a rubuce a kan rasit.